Daga Ƙofar Fada Zuwa Kan Kufena

Asabar, 12 ga Oktoba, 2024

In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Nawa sa gudun ya zo a watan jiya, a hannun wata likita da ta ɗaura mini abin awo a dantse har sau biyu, sannan ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malam, shekara 47, jini ya hau, ga tumbi. Zan rubuta maka magani, amma sai ka nemi zufa." Shekara goma sha tara ke nan ina kan kujerar ofis a Kaduna, tafiyata mafi nisa ita ce daga mota zuwa masallaci.

Ga abin da na ɗaukar wa kaina. Litinin da Laraba bayan Asuba zan riƙa zagaye a Dandalin Murtala. Juma'a da yamma in kama hanyar Zariya wajen Hajiya, mahaifiyata, kamar yadda na saba. Asabar da sassafe in tashi daga ƙofar fadar Zazzau, gefen Masallacin Juma'a, in fita ta Ƙofar Kuyambana, in ratsa Wusasa, in hau Dutsen Kufena. Burina kafin azumi in yi wannan tafiya da sassarfa ba tare da na zauna ba. A cikin birni aka yanke mini cibiya, tun ina yaro nake ganin rana tana faɗawa bayan Kufena, amma ko sau ɗaya ban taɓa taka shi ba.

Yau na gwada, tare da ɗan yayata da ke karatu a Samaru. Ban san gudun magidanci a cikin birni abin tayar da hankali ba ne sai yau. Wani dattijo da ke dawowa daga masallaci ya maƙale a jikin katanga yana cewa, "Lafiya? Me ya faru a can?" Mai ƙosai ta miƙe da matsami a hannu tana leƙen bayanmu. A wannan zamani ba za ka ga laifinsu ba. Almajirai uku kuwa suka ajiye robobinsu suka rufa mana baya suna dariya.

Minti goma sha ɗaya na yi, ƙirjina ya koma zugazugin maƙera. Ko ƙofar ban kai ba. Yaron ya ce, "Kawu, mu koma da acaɓa?" Da ƙafa muka koma, don kada labari ya riga mu gida.

Asabar, 26 ga Oktoba

Dandalin Murtala yana taimakawa. A can ba mai kallonka: sojoji masu ritaya, matan aure da hijabi da kambas, samari 'yan ƙwallo, kowa da hakinsa. Na koyi dabara wajen wani tsohon soja, ya ce in yi sassarfar da zan iya magana a cikinta, in maganar ta gagara to na wuce ƙarfina, in koma tafiya har numfashi ya dawo.

Da wannan dabara na fita Ƙofar Kuyambana yau, na tsallaka babban titi, na taɓa bakin Wusasa. Minti uku sassarfa, minti biyu tafiya.

Amma abin da ya tsaya mini a rai tun kafin mu tashi ne. Muna miƙa jijiyoyi a gaban masallaci, yaron ya tambaye ni wa ya gina shi. Ɗalibin jami'a, jikan birni, bai san Babban Gwani ba! Na ba shi abin da kakanmu ya ba mu: a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya hau a 1834, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga wannan gini da ƙasa da tubali da azara, ya ɗaura bakan gizo masu tsayin da har yau magina ke zuwa kallo. Har yanzu akwai unguwa mai sunansa a birni. Ana kuma ba da labarin cewa bayan ya gina wani masallacin a Birnin Gwari, sarkin can ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani irinsa. Kakanmu yakan ba da wannan labari yana girgiza kai, kamar jiya aka yi.

Muna yara mukan kwanta rigingine bayan sallah muna bin layukan rufin da ido, sai an kore mu. Daga baya ne na gane tsohon ginin ƙasar a cikin na siminti yake, an lulluɓe shi. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu. Tun daga ranar ba na iya wucewa ta nan ban ɗaga kai ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Hangen Dala ba shiga birni ba, haka hangen Kufena. Daga nesa ka ce tulin hatsi ne aka zube. Sai ka je gindinsa ka ga falalen dutse ya miƙe sama, sumul, babu inda za ka ce ga matakala.

Yau da acaɓa muka je gindin, don in san hanyar kafin in fara tunanin gudu a kanta. Sai da muka fara gaisawa da mutanen da ke noma a wurin. Wannan sharaɗin Hajiya ne, kuma gaskiyarta: ba a shiga bayan gari yanzu ba tare da an tambayi masu wuri ba, ba a zuwa shi kaɗai, ba a kai yamma. Wani manomi da ke karyar dawa ya ajiye lauje ya nuna mana inda masu kiwo ke bi. Ya ce mu bi kashin awaki, "akuya ba ta bin hanyar da za ta faɗi."

Ciyawa ba ta gama bushewa ba, gamba ta kai mini kafaɗa, ƙarangiya ta cika safata har na daina cirewa. Wani wurin da ƙafa biyu ake hawa, wani wurin sai an sa hannu. Ƙadangaru na ta yi mana gyaɗa kai. Mun tsaya sau shida.

A wata inuwa tsakanin manyan duwatsu yaron ya tsugunna ya ɗauko wani abu. Tsingaro ne, ja-ja, kaurinsa ya kai ɗan yatsa, an yi masa zane a baki kamar an danna igiya a jikinsa tun yana ɗanye. Da muka duba sai ga su birjik a cikin tsakuwa. Kusa da nan akwai wani rami mai santsi a jikin fa, tsawon kamu biyu, irin wanda niƙa ke bari. Na sa tafin hannuna a ciki. Shekara nawa mace za ta yi a durƙushe kafin dutse irin wannan ya lotsa haka? Na sa yaron ya mayar da tsingaron inda ya ɗauka. Kufena yana cikin wuraren tarihin da hukumar kayan tarihi ta ƙasa ta keɓe, amma ko ba don haka ba, ba namu ba ne.

Daga sama ake gane maganar. A ƙasa za ka wuce wani dogon tudu ka ce kunyar gona ce ta yi girma. Daga can kuwa sai ka ga layi ne da ya lanƙwasa ya tafi, ragowar ganuwa. Nan mutane suka zauna kafin birnin da muka sani ya cika. Masu tarihi suna kawo sunan Turunku, wadda ke ƙasar Igabi tsakanin Kaduna da Zariya, da Bakwa Turunku a ƙarni na 16, da 'ya'yanta Amina da Zariya. Duk na haddace wannan a firamare don cin jarrabawa. Ban taɓa kawo wa raina cewa wuri ne da ƙafa za ta kai ni ba.

Ta gabas ga birni, rimaye sun yi masa rumfa. Ta arewa ga Samaru da dogon ginin jami'a. Wani ƙaramin jirgin koyon tuƙi daga kwalejin jiragen sama ya yi ta shawagi, har na ga kamar tsayinmu ɗaya da shi. Ƙasa-ƙasa kuma ana jiyo ƙarar guduma, masu fasa dutse suna ci daga gefe.

Saukowa ta fi hawa wuya. Gwiwoyina har yanzu rawa suke.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Daga fada zuwa tsakiyar Wusasa ba tsayawa, in ban da jiran tireloli a bakin titi. Minti 34. Alhamdu lillahi.

Ruwanmu ya ƙare, don yaron ya manta gora ɗaya a gida. Muka ga famfo a harabar tsohuwar majami'ar Wusasa, ta Bartalamawus. Na yi jim. Shekara 47 ina wucewa ta bakin titin nan a mota, ban taɓa shiga wannan harabar ba, kuma ba wanda ya taɓa hana ni. Wani dattijo mai sharar ganye ya hango mu ya ce, "Bismillah mana, ku ƙaraso. Ruwa ai ba na kowa ba ne."

Da Zazzagancinsa tsantsa ya yi maganar, irin na Hajiya, wanda mota ne, riga ne, mace ma ne. Da muka sha ya tambaye ni ɗan wace unguwa ne, na faɗa, ya kawo sunayen gidaje uku a layinmu. Sannan ya ce, "Ko za ku ga ciki?"

Na tuɓe kambas a bakin ƙofa, bisa sabo. Ya yi murmushi bai ce komai ba. Sanyin ginin ƙasa ya fara tarbata, sanyin nan na zauren kakanni wanda siminti ba ya bayarwa. Na ɗaga kai. Wallahi da an rufe mini ido an kawo ni, sai in rantse wani tsohon soro ne a cikin birni: katanga mai kauri, baka ya tashi daga wannan gefe ya sauka a wancan. Hannun maginanmu ne, ba tantama. Dattijon ya ce a 1929 aka gina ta, shekarar da mishan ya taso daga cikin birni ya dawo nan.

Ya ba mu labarin a tsaye, tsintsiya a hammata. Likita Mila, Bature ɗan mishan, ya zauna a birni tun 1905, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, a Durumin Maigarke, yana magani yana koyar da yara boko. Shi ne ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wadda aka buga a 1932. Daga nan ya shiga lissafa 'ya'yan Wusasa da yatsa: Dakta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda babban asibitin nan na Kaduna ke ɗauke da sunansa, Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, Janar Yakubu Gowon, da ya tashi a nan yana yaro. Sau nawa na kai iyalina asibitin Barau Dikko, ban taɓa tambayar daga ina mai sunan ya fito ba.

Ba mu hau dutse ba yau. Hira ta cinye safiyar.

Daren ranar

Ina ba Hajiya labari muna cin tuwo, ina ta zuba, sai na ga ta tsame hannu. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, "Ai muna da dangi a can."

Ƙanen mahaifinta ne. Yana yaro aka kai shi wajen Likita Mila saboda gyambo a ƙafa, ya warke, ya zauna karatu, da mishan ya tashi ya bi su. Kakana bai sake ambaton sunansa ba har ya rasu. Hajiya ta ce sau ɗaya ta gan shi, ranar jana'izar kakan nawa, wani dogon mutum da ya tsaya can nesa a gindin rimi har aka ɗauki gawa, sannan ya juya. Ta ji an ce ya bar 'ya mace.

Na ce, "Hajiya, me ya sa ba ki taɓa faɗa mana ba?" Ta ce, "Wa ya tambaye ni?"

Minti 34 na yi yau a kan wannan hanya, da tumbina da hawan jinina. Gidanmu kuwa shekara 95 ke nan ba wanda ya bi ta.

Asabar, 7 ga Disamba

Targaɗe. Laifina ne: ina saukowa na ga ƙasa ta kusa, na saki jiki, tsakuwa ta kwashe ni a kan fa. Idon sawun dama ya kumbura kamar an hura. Yaron ya goya ni har bakin gona, ya ce, "Kawu, ashe da sauran aiki a tumbin nan." Mai ɗori ya murza, na yi ƙarar da ban san ina da ita ba. Likitata ta ce mako uku ba gudu, in ɗaga ƙafar, in sa ƙanƙara, kuma in sayi takalmi mai ƙasan roba mai kama dutse, in bar wannan kambas na gwanjo da ƙasansa ya suɗe.

Laraba, 18 ga Disamba

Tafiya kawai nake yi, a hankali, a lambun Gamji bakin kogin Kaduna. Ina taka tsohuwar gadar ƙarfen nan ta Lugga da aka ɗauko daga Zungeru, in je in dawo sau goma. Abokin aikina Bakano ya sa ni gaba a ofis: "Ku Zagezagi ko matakala kun kasa yi wa dutsenku. Zo Dala ka hau da babbar riga." Na ce masa dutsen da aka yi wa matakala ai bene ne.

Awon jini ya ɗan sauka. Likita ta ce kada in kuskura in bar maganin.

Asabar, 28 ga Disamba

Da Keke Napep na je Wusasa, ni kaɗai, da sunan da Hajiya ta ba ni a bakina. Dattijon majami'a bai ko yi tunani ba. Ya jingine tsintsiya ya ce, "Taho."

Gida ne na ƙasa mai zaure, an yi masa sabon fenti saboda Kirsimeti. Tsohuwa na zaune a tabarma tana tsince shinkafa a faifai. Na yi sallama ta amsa, na durƙusa na gaishe ta, na faɗi sunan kakana. Faifan ya tsaya. Ta ce in matso, idonta ba ya gani sosai. Ta kama fuskata da hannu biyu ta juya ta wajen haske, ta ce, "Goshin Baba ne."

Ni kuwa hannunta nake kallo. Ɗan yatsanta na ƙarshe a lanƙwashe yake ciki, daidai irin na Hajiya, daidai irin nawa.

Ba ta yi kuka ba, ni ma na daure. Ta kira jikokinta ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Ku gai da kawunku na birni." Aka kawo cincin da ragowar naman biki, ta riga ni cewa, "Ci abinka, mahaucin bakin kasuwa ne ya yanka, Musulmi ne." Na ce, "Inna, ban tambaya ba." Ta ce, "Na san ba za ka tambaya ba, shi ya sa na faɗa."

Ta ce mahaifinta yakan hau Kufena da su suna yara, ya nuna musu wani rimi a cikin birni ya ce ga gidansu can. Ta tambaye ni ko rimin yana nan. An sare shi tun ina sakandare. Na faɗa mata gaskiya.

Asabar, 25 ga Janairu, 2025

Na dawo kan hanya tun makon jiya. Sabon takalmi yana kama dutse kamar tafin ƙadangare. Hunturu ya kankama, leɓe ya tsage, sai da man kaɗanya a hanci da takunkumi muke fita. An ƙone ciyawa, hanyar awaki ta fito fili, amma daga sama ba a ganin komai, hazo ya shanye birni da Samaru duka. Mun tarar da wasu mata biyar da fararen kaya suna addu'a a wani lungu, can gefe kuma wani bawan Allah da buta da carbi ya fuskanci gabas. Muka rage sawu muka wuce ba mu yi magana ba.

Fada zuwa gindin dutse, minti 52. Hawa, minti 24, da tsayawa uku. Yanzu da ɗan rakiya na biyu, jikan Inna, wanda ke tare mu a bakin majami'a. Shi ya san wata hanya ta gefe mai sauƙin gangara, ta fi tsawo amma ba a sa hannu.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Asabar ta ƙarshe kafin azumi, in an ga wata a ƙarshen makon gobe.

Ban cika alkawarin duka ba. Daga fada har gindin dutse ban tsaya ba, minti 47. Kashi ɗaya cikin uku na hawan ma da sassarfa na yi shi. Daga nan ƙafa ta ce ba ta san zancen ba, na ƙarasa da tafiya, na kuma zauna sau ɗaya, a bakin ramin niƙan nan. Yaran biyu sun riga ni kaiwa da nisa, na same su suna gardamar ƙwallo. Wandon da na fara da shi a Oktoba yanzu sai da na ƙara huda a bel.

Da azumi ba hawa. Zan riƙa tafiyar rabin awa a Kaduna bayan Tarawihi don kada jiki ya koma gidan jiya, sai bayan Sallah in dawo, kafin ruwa ya sauka dutse ya yi santsi. Abin da ya rage shi ne kashi biyu na sama.

Wani aikin kuma ya taso. Tun Disamba Inna ke aiko wa Hajiya gaisuwa ta bakina, Hajiya na amsawa ta bakina, na zama ɗan aike. Yau da na dawo ina cire takalmi a tsakar gida, Hajiya ta ce, "An ce zumunta a ƙafa yake, to ni ƙafan ne babu. Ka nemo mini mai keke mai hankali, wanda ba ya gudu." Ta riga ta sa an daka mata gero na kunu, an ƙulla dabino da sukari, kayan da ake kai wa 'yan uwa gabanin azumi. Na ce, "Hajiya, ai su ba sa yin namu azumin." Ta ce, "Kunun ma ba sa sha?"

Na yi magana da mai keken layinmu. Gobe Lahadi bayan La'asar, lokacin sun taso daga majami'a sun huta.